Tsibin Arlit da duwatsun Azbin

Yaron da aka haifa a Arlit, in ka ce ya zana maka dutse, tsibin ƙasar da kamfani ya tono ya jibge a bayan gari zai zana: kansa a shafe kamar an yanke da wuƙa, ba ko tsiro ɗaya a jikinsa. Na gwada haka a aji shekarun da nake koyarwa a can, kusan duk yaran abu guda suka kawo mini. Ban ga laifinsu ba. Tun da SOMAIR ta soma fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK ta biyo baya a Akokan a 1978, idon garin nan a ƙasa yake, yana kallon abin da ke ƙarƙashinta da abin da aka fito da shi aka yar. Ranar 31 ga Maris 2021 da COMINAK ta rufe raminta, ta bar mana tarin dusar ma'adini da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20. Su ne duwatsunmu na gida.

Alhali kuwa gabas da gari, in ka bi ta Gugaram zuwa Iferwan, tafiyar da ba ta kai yini ba a mota, ga duwatsun da Allah Ya yi da kanSa. Ga Tamgak a tsaye kan Iferwan, tsayinsa ya kusa mita 2,000. Can arewa ga Girebun, kudu kuma ga Bagzan, inda ƙololuwar Idukal-n-Taghes ta kai mita 2,022, babu inda ya fi nan tsayi a Nijar duka. Tun 1988 gwamnati ta keɓe gandun Ayar, wato Azbin, da Tenere, fili mai faɗin kadada sama da miliyan 7, hukumar UNESCO ta saka shi cikin kayan gadon duniya a 1991. Shekara guda bayan haka ta mayar da shi jerin wuraren da ke cikin haɗari. Bature ya san wannan duka, ya karanta a littafi kafin ya hau jirgi. Ɗan ma'aikacin rami da ya girma a unguwar Bukkoki, sai dai ya ji labari.

Mun bar wa baƙi hawan duwatsun nan, baƙin sun tafi, mu kuma mun zauna jiran ranar da za su dawo. Ni ina ganin jiran ya isa haka. Ƙafar ɗan ƙasa ma tana iya taka Tamgak, kuma ita ce ta fi cancanta.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini shi a fuska. A watan Disamba na 2005, lokacin hutun makaranta, mu huɗu muka shirya tafiyar kwana shida a ƙasa cikin Tamgak: malamai biyu, da wani ma'aikacin asibiti, da bakanike ɗaya. Maƙwabcina da ya gan ni ina ɗaure jakar goyo ya tsaya ya riƙe baki. "Mushe, lafiya? Wani abu aka yi maka a gida?" Na ce yawo za mu je. Ya ce, "Wahala da kuɗinka ke nan." Matata ba ta ce komai ba, ta dai ƙara mini ƙuli-ƙuli da garin rogo a jaka, ta yi mini irin kallon da ake yi wa mai zazzaɓi.

A Iferwan muka sami jagora, wani dattijo Ba'abzine siriri, wanda Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ya zo da ɗansa mai shekara kamar 14 da jakuna biyu. Abu na farko da ya yi, ya ɗaga jakata da hannu ɗaya, ya ajiye, ya ce in zazzage. Ya ware rediyo, da littattafai biyu, da wandon canji na uku, da gwangwanayen kifi, ya ce a bar su a gidan ƙanwarsa. Ya dubi sabon takalmin sojan da na saya musamman don tafiyar ya girgiza kai. "Malam, ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan takalmin bai san ƙafarka ba tukuna." Na ce, "Baba, ai mai tsada ne." Bai amsa ba. Kafin la'asar ɗin rana ta biyu dugadugaina duka sun yi bororo sun fashe, sauran kwana huɗun da tsohon takalmin fatarsa na ƙarasa, shi kuma ya koma silifa.

Wanda bai taɓa shiga ƙoramar dutse a Azbin ba yana zaton wuri ne busasshe. Haka yake daga nesa. In ka shiga ciki, bangon dutse baƙi ya rufe ka dama da hagu, sai ka tarar da goruba da aduwa da magarya sun yi layi a bakin yashi, tumfafiya ta fi mutum tsayi. Akwai tafkunan da ke maƙale a cikin dutse, waɗanda Abzinawa ke kira agelmam, ruwan damina ne da inuwa ta hana rana shanyewa, sanyinsa har cikin haƙori. Inda babu tafki, Baba yakan tsaya a wata kwana ta ƙorama da mu ba mu ga bambancinta da sauran ba, ya ce wa yaron ya tona. Kamu biyu, uku, yashi ya soma duhu, can sai ruwa ya taru a gindin ramin kamar hawaye. Sau uku muka sha irin wannan ruwa a tafiyar. A rana ta huɗu jarkokinmu sun kusa ƙarewa, tafkin da ya sa rai da shi mun same shi ya ƙafe. Bakanikenmu, mutumin da ba ya rasa abin faɗa, ya yi tsit tun hantsi. Baba bai ƙara sauri ba, bai rage ba. Ya ce mu daina magana, kowa ya sa ƙaramar tsakuwa a baki. Gab da magariba ya sa aka tona a gindin wani gawo, muka sha, jakuna suka sha.

Daren dutse kuwa wani abu ne daban. Sanyin Disamba a can sama ba irin na Arlit ba ne, da asuba ruwan buta yakan yi kamar zai daskare, alwala ta zama jarrabawa. Yaron ne ke yin tagela: ya kwaɓa garin alkama, ya share garwashi gefe, ya binne ƙullin cikin yashi mai zafi, ya mayar da toka a kai. In ya tono, ya karkaɗe, ya gutsuttsura cikin miyar albasa da tumatir busasshe. Sai shayi kofi uku, ba a tsallake ko ɗaya. Muna kishingiɗe Baba yana nuna mana taurari. Waɗanda mu muke ce wa kaza da 'ya'yanta, su 'yan matan dare suke kiran su. Taurari bakwai na arewa kuma taguwa ce a wurinsu, da ɗanta a kusa. Ni da na shekara ina koya wa yara taswirar Nijar a allo, a nan na gane ban san ƙasar ba, sunayenta kawai na haddace.

Ba mu ga ragon dutse ba sai kashinsa da sawunsa. Birai mun gani, sun zauna can saman tsauni suna kallonmu kamar masu karɓar haraji. Jimina kuwa, wadda hotonta ke sassaƙe a jikin duwatsun yankin, ta riga ta ƙare a dajin, farauta ta cinye ta.

Rana ta uku muka haɗu da wata yarinya mai kiwon awaki, ba ta fi shekara 15 ba, ba takalmin kirki, 'yar salkarta a rataye. Ta dube mu da jakunkunan goyonmu da sandunanmu, ta yi wa Baba magana da Tamajak, suka yi dariya. Na matsa masa ya fassara. Ya ce tambaya take, me ya ɓace mana muke nema? Wannan tambaya ta fi ta maƙwabcina nauyi, kuma ba zan yi kamar na gama amsa ta ba. Tafiyar da muka tara kuɗi muka yi don nishaɗi, ita ce aikinta na kullum, ba wanda ya taɓa ɗaukar ta hoto don ta yi. Haka mutanen Bagzan, waɗanda shekara da shekaru suke sauko da albasa da tafarnuwa da dankali a bayan jaki ta hanyoyin da mota ba ta bi. A ƙasar da tafiyar ƙafa alamar rashi ce, wanda ya samu babur ba ya son a sake ganin ƙura a ƙafarsa. Na fahimci wannan sarai. Ubana ma da ƙafa ya bar ƙauyenmu na ƙasar Tawa, bai kuma taɓa ba da labarin tafiyar da daɗi ba.

Sai dai mu lura da abin da ya biyo bayan wannan ƙyama. Da muka ce tafiyar ƙasa ta matalauci ce ko ta Bature mai neman abin yi, sai muka yanke kanmu daga hanyar da kakanninmu suka bi. Gobirawa har gobe suna cewa daga Azbin suka gangaro. Ayarin Kel Ewey da ke zuwa Bilma da Fashi ɗaukar gishiri da dabino, su ne suke gangarawa Damagaram da Kano su sayo gero da baƙin yadi, madugu a gaba, mafi yawan tafiyar a ƙasa ake yi ana jan akala. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya ratsa Azbin a 1850 ya shiga Agadas cikin watan Oktoba, ya tarar ana jin Hausa a duwatsun nan, kuma da ayarin gishiri ya ƙarasa kudu har ya isa Kano a 1851. Kufan Asode, tsohon birnin Azbin, suna nan kan hanyar Timiya da ragowar masallacinsu. A Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, ba nisa da kwaltar da motocin yuraniyom ke bi, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5. Mutane nawa ne a cikinmu suka wuce ta wurin sau ɗari a mota, ba su taɓa cewa direba ya tsaya ba? Ina cikinsu har zuwa wani lokaci.

Baƙi ne suka ga darajar abin, kuma ba laifi ba ne a faɗa. Daga shekarun 1980 Agadas ta zama zangon 'yan yawon buɗe ido, tseren motocin Paris-Dakar yana bi ta nan, wani Ba'abzine, Mano Dayak, yana da kamfaninsa na yawon buɗe ido, Temet Voyages. Tawayen farko na 1990 ya tsayar da komai, har aka sa hannu kan sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995. Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgi cikin duwatsun nan a Disambar wannan shekara, filin jirgin Agadas sunansa yake ɗauke da shi. Kasuwa ta sake buɗewa, jirage suna sauka daga Faransa lokacin sanyi. A wannan tsakanin muka yi tamu tafiyar, kuma a kwana shidan nan duk ayarin masu yawo da muka gamu da su Turawa ne. Wani jagoransu ya ɗauka mu masu dafa abinci ne da suka ɓata hanya.

Daga nan abubuwa suka zo a jere. A Fabrairun 2007 'yan tawayen MNJ suka kai hari Iferwan, garin ya watse, aka binne nakiyoyi a hanyoyi. Ranar 16 ga Satumba 2010 aka sace mutum bakwai a cikin Arlit, biyar Faransawa. Ranar 23 ga Mayu 2013 aka tayar da bam a barikin soja na Agadas da ma'aikatar SOMAIR a safiya guda. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Jagorori da direbobi suka koma jigilar masu zuwa Libiya, dokar 2015 ta haramta wannan, ba a soke ta ba sai a Nuwamban 2023. Waɗanda suka rage suka bi zinariyar Jado da Cibarakaten da ta ɓullo a 2014. Maƙeran da ke ƙera sarƙar azurfa ta Agadas da ta Iferwan da ta Timiya suka rasa mai saye. Sana'a guda ta mutu saboda an gina ta kan abokin ciniki ɗaya tilo, wanda ofishin jakadancinsa kan iya hana shi zuwa da takarda shafi guda. Mu 'yan Arlit ya kamata mu fi kowa gane wannan ciwo, don garinmu ma a kan mai saye ɗaya aka gina shi. Akwai lokacin da ake ce masa ƙaramar Paris.

Yanzu ana maganar 'yancin ma'adinai. Gwamnati ta karɓe lasisin haƙar yuraniyom a Imuraren daga kamfanin Orano a Yunin 2024, ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa a Yunin 2025. Kowa da ra'ayinsa a kai, ba shi nake tattaunawa yau ba. Abin da ya dame ni shi ne, muhawarar duka a kan abin da ke ƙarƙashin ƙasa take. Yuraniyom yana ƙarewa, Akokan shaida ce. Zinariya tana ƙarewa, ta bar ramuka da guba a ruwa. Tamgak ba ya ƙarewa don an taka shi. Kuma kuɗin mai tafiya a ƙasa ba ya bi ta Yamai ko Paris kafin ya iso. Namu na wancan karo, na san inda kowace jika ta shiga: hannun Baba, hannun mai jakuna, wata tsohuwa da ta sayar mana da cuku, mai lambun da ya cika mana buhu da tumatir, da ɗan akuyar da muka yanka daren ƙarshe. Masu zuwa da manyan motoci sukan taho da abincinsu da ruwansu daga birni, su tayar da ƙura su wuce. Mai ƙafa dole ya tsaya, ya yi sallama, ya saya, ya tambayi hanya.

Maganar tsaro ba abin wasa ba ce, kuma ba na cikin masu cewa a rufe ido a shiga daji. A 2025 kaɗai an sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas. Akwai 'yan fashi a hanyoyin zinariya, akwai wuraren da mutanen gari da kansu za su ce maka kada ka bi. Wanda zai shiga dutse sai ya sanar da hukuma, ya nemi izinin masu gari, ya ɗauki jagora ɗan wurin, ya kuma ji maganarsa ko da ta saɓa wa son ransa. Amma haɗarin da ke kan Bature ba shi ne ke kan ɗan makarantar Arlit ba. Kullum mutane suna kai da komo tsakanin Iferwan da Timiya da Tabelot, ana biki, ana kasuwa, ana sauke lemu da rumman daga lambunan Timiya, ana taruwa bikin Ayar a Iferwan. Taswirar da aka shafa wa jan fenti a wata ma'aikata ta Turai, don 'yan ƙasarsu aka yi ta. Mu muka ɗauke ta muka rataya a zuciyarmu.

Abin da nake nema ba babba ba ne. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke samu daga ma'adinai don ƙananan hukumomin yankin da aka haƙo su. In kuɗin sun iso, ɗan abin da za a cire a ɗauki tsofaffin jagorori goma aiki lokacin sanyi bai kai kuɗin taya huɗu na motar ofis ba. Kowace makarantar sakandare a Arlit da Akokan da Cirozerin ta fitar da aji ɗaya a shekara, kwana uku ko huɗu, da malamin tarihi da na kimiyyar ƙasa da ma'aikacin lafiya. 'Yan mata ma su je, da malamansu mata, tunda 'yan matan dutse ba su fi su ƙafa ba. Ƙungiyoyin ma'aikatan rami, waɗanda suka san yadda ake shirya tafiya da kula da lafiyar jama'a fiye da kowa, su yi wa 'ya'yansu wannan. Ba a bukatar tanti mai tsada ko takalmin soja, ni shaida ne. Bargo, buta, jarka, gari da shayi, da mutumin da ya san inda ruwa yake.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da ke sa ni gaggawa. Sanin da ke kan Baba ba a rubuce yake ba, kuma na'urar da ke nuna hanya ta tauraron ɗan'adam ba ta san wace kwanar ƙorama ce ke riƙe ruwa a Disamba ba, wacce ce ke ƙafewa tun Oktoba. Irin wannan sani da tafiya ake gadonsa, yaro yana bin uba yana tono. In aka shekara 20 ba mai biyan jagora, yaron zai koyi tuƙi, kuma ba wanda zai zarge shi.

Baba ya rasu shekarun baya, Allah Ya jiƙansa. Ɗan nasa, mai tagela, yanzu magidanci ne, yana jan mota tsakanin Arlit da wuraren zinariya. Mun yi waya da shi kafin azumin bara, muka gaisa, ya tambayi dugadugaina yana dariya. Na ce masa ina son in koma Tamgak da ɗana da abokansa, ko zai iya kai mu wuraren nan uku da muka tona ruwa? Ya ɗan yi shiru. Ya ce, "Malam, na farko da na biyu ko da dare ne ina kai ka. Na ukun nan na gindin gawo, sai na tambayi yayata, ita ce har yanzu take kiwo a wajen."